Sitiroberi a Ganyen Goro

Shekara arba'in Baba Brimah ya yi yana tsintar goro a wani sito kusa da kasuwar Kejetia. Aikinsa ke nan: a zube buhu a gabansa, ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya ware mai kyau, ya jefar da mai sankara kafin ya ɓata saura. Katangarmu ɗaya da shi a unguwar Krofrom, shi ya sa na san shi ciki da bai. Mutumin kirki ne, amma zarginsa ya yi yawa. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya nazarin abin da kake nema.

Yana da ƙa'ida guda. Duk goron da bai yarda da shi ba, sai ya yayyafa masa ruwa, ya naɗe shi cikin ɗanyen ganye, ya ajiye kwana bakwai. In lafiyayye ne zai fito garau, in da cuta a ciki za ta nuna kanta. Da wannan gwaji ya kunyata dillalai da yawa, kuma ya san da haka.

'Yarsa ɗaya, Adizatu, malamar makaranta. Wani saurayi mai suna Yusif, wanda ke aiki a asibiti yana koya wa marasa lafiya irin abincin da ya dace da su, shi ke son ta, ita ma ta mutu a kansa. Abin da ya rage kawai Baba Brimah ya ce ya turo magabatansa.

Ana cikin haka likita ya ce jinin tsohon ya hau, ya rage cin goro. Yusif ya ga dama ta samu. Ya je babban kanti ya sayo sitiroberi cikin 'yar roba, ya durƙusa ya miƙa.

"Baaba, wannan yana da bitamin C sosai, shuga kaɗan ne a ciki. Yana taimakon zuciya paa, ba kaɗan ba. In kwaɗayin goro ya taso, ku ci wannan."

Baba Brimah ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hasken rana. Ja wur, jikinsa duk ɗigo-ɗigo.

"Saa? Haka ne? Wane irin ɗan itace ne 'ya'yansa ke waje? To, na gode. Ka dawo bayan sati."

Yusif na fita tsohon ya kira ni ta kan katanga. Wai yaron da ke son 'yarka, ya kawo maka abin da ba ka taɓa gani ba, ya nace kai za ka ci, ai da walakin goro a miya. Na ce masa a firij ake sa abin nan, a cinye yau ko gobe. Ya yi mini kallon wadda aka haɗa baki da ita.

Ya yayyafa ruwa, ya naɗe a ganye, ya tura ƙarƙashin gado. Adizatu ta yi magiya har da kuka. Ya ce in babu komai a ciki, me take tsoro?

A rana ta bakwai ya tara mu a tsakar gida, har da Yusif, ya kwance ganyen da kansa. Wari ya fara fitowa, sannan wani baƙin ruwa, ga farin gashi ya rufe komai. Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Wannan ka so ya shiga cikina? Tashi ka tafi."

Yusif ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi Adizatu, ya fasa. Ya sa takalminsa ya fita. Wallahi ranar na ji haushin tsohon nan kamar in fasa ihu.

Bayan wata biyu wata mai sayar da kayan marmari ta gaya masa abin da na gaya masa, kuma ita ya yarda da ita, don ba ta san Yusif ba. Kwana uku yana juya maganar kafin ya sa babbar rigarsa ya shiga trotro, motar haya, zuwa asibitin. Aka ce masa Yusif ya nemi canjin wurin aiki, ya koma garin Tamale, can arewa.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin Adizatu yana murza hularsa.

"Adiza, kina da lambarsa?"

Tana duba littattafan ɗalibanta, ba ta ɗago ba.

"Ina da ita, Baaba. Ranar Juma'ar da ta wuce aka ɗaura masa aure."