Bokitin da ba a sa wa sabulu

Goggo, yayar babana, tana da bokitin roba guda biyu a Birmingham, kowanne da dokarsa. Ɗaya ana wanke shi da tafasasshen ruwa har hannu ya yi ja. Ɗayan kuwa ko kusa da shi ba a ajiye sabulu. A cikinsa take yin burukutu.

Ba sayarwa take yi ba. Ita take sha, sai wasu tsofaffi 'yan garinmu da ke leƙo ta bayan coci, su sha a ɓoye, su tauna kanumfari kafin su fita. Dawa take saya a shagon 'yan Afirka, ta jiƙa, ta shimfiɗa a bahon wanka har ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa. Wannan duk kowa zai iya koya. Abin da ba a saya a shago shi ne wani farin abu mai kauri da ke kwanciya a gindin bokitin bayan an tsiyaye giyar. Iri take ce masa. Shi ke tayar da sabuwar dahuwa ta yi kumfa. Daga tukunyar mahaifiyarta ta kankaro shi, ta busar a tsumma, ta ƙulle a bakin zani ta shigo da shi ƙasar nan. Bayan rikicin da ya watsa ƙauyenmu, tukwanen kakata babu wadda ta tsira. Na cikin bokitin nan shi kaɗai ya rage.

Ni a Manchester nake, ina goge ɗakunan marasa lafiya a wani asibiti a Oxford Road. Duk wanda ya yi aikin nan, in ya ga abu ba a wanke ba sai jikinsa ya yi ƙaiƙayi. Ranar da na fara taya ta juye giya, ina riƙe da bokitin tana tare bakinsa da ƙwarya, na hango ƙasansa na ce, "Goggo, wannan ai ƙazanta ce."

"Ƙazantar ce ta biya wa ubanki kuɗin makaranta," in ji ta. "Karkata a hankali, kar ki tayar mini da shi."

Muka tsiyaye ruwan saman cikin wankakken bokiti, muka bar na ƙasan. Ta tsoma ɗan yatsa a sabuwar dahuwar, ta ce da saura, zafi kashe iri yake yi. Sai da dahuwar ta koma kamar ruwan wankan jariri ta zuba a kan irin, ta rufe da tsohon zani, ta tura bokitin jikin hita mai ɗumama ɗaki.

Na sha roƙonta ta ɗibar mini kaɗan a kwalba in ajiye a Manchester, ko don gudun tsautsayi. Ta ƙi. Wai ɗakina sanyi, wai hannuna warin bilic yake. Har yau ina jin haushinta a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Goggo tana da ɗaki na biyu, bokitin ne kawai a ciki. Council, wato ƙaramar hukuma, ta ce mai ɗakin da babu kowa a ciki za a rage masa tallafin haya, kuma a wurinsu bokiti ba mutum ba ne. Aka mayar da ita wani flat, ɗan gida mai ɗaki ɗaya, a Perry Barr, bokitin ya koma kicin, a fili, gefen wurin wanke-wanke. Ba a daɗe ba shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Ta fito asibiti da hannu ɗaya da rabin harshe, aka haɗa ta da mai kula da ita, wadda aka yanka wa 'yan mintoci a kowace ziyara. Ko shayi ba ya hucewa a cikinsu.

Matar 'yar Gana ce, Musulma, daga Small Heath take hawo bas. Da ta gaida Goggo da Hausa, sai Goggo ta fashe da kuka. Mutuniyar kirki ce, ina so a san wannan. Takan wuce lokacinta ba tare da an biya ta ba, ta shafa wa Goggo mai a ƙafa, ta gyara mata kitso. Ranar da ta tambayi abin da ke cikin bokitin, Goggo ta dubi hijabinta, kunya ta kama ta. Goggon da ba ta taɓa jin tsoron fasto ba, sai ga shi ta ce kunu ne.

Wata Asabar na sauka daga motar Manchester, na buɗe ƙofar flat ɗin, warin bilic ya tare ni. Warin da nake wuni a ciki ne, amma ban taɓa jin sa a gidan Goggo ba. Bokitan biyu suna kife a kan wurin wanke-wanke, fari tas, ba ka iya bambanta su. Matar tana ɗaura igiyar takalmi za ta bi bas.

"'Yar'uwa, kunun nan na Mama ya lalace fa," ta ce da ni. "Yana ta kumfa, yana wari. Na ce kar ta samu infection, ga jikinta ba ƙarfi. Na zubar, na wanke mata sosai. Next client, wadda zan duba bayan Mama, na jira, sai Monday."

Na buɗe baki in zazzaga mata masifa, na ga hannunta duk ya yi fari ya tattare saboda ruwa. Me zan ce mata? Na ce an gode.

Goggo tana kwance, fuskarta a bango. Daga baya ta gaya mini ta ji ƙarar famfo, ta ji warin, ta yi ta kira. Harshen ne ya ƙi, muryar ba ta wuce bakin ƙofa ba.

Ban haƙura ba. Na kankare ƙwaryar da take tare bakin bokiti da ita, na jiƙa tsohon zanin na matse ruwansa a 'yar dahuwa, na ajiye jikin hita. Ta yi funfuna. Na buga wa tsofaffin cocin waya ko wani ya taɓa ɗiba. Kowa sha kawai ya iya. A ƙarshe na shiga wani shagon masu haɗa giya a gida, wani Bature mai gemu ya ba ni yis a 'yar takarda, yana ta yi mini wa'azin tsafta. Ni da nake goge asibiti.

Na yi komai yadda ta koya mini, ita tana kan kujera tana gyara mini da ido. Haɗin ya tashi kuwa, ya yi kumfa har ya ɗaga zanin. Ban gaya mata daga ina yis ɗin ya fito ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na juye a hankali, na bar na ƙasan, na zuba mata a ƙwarya na kai bakinta.

Ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe, sannan ta haɗiye.

"Kin iya," in ji ta. "Hannunki ya faɗa."

Na ɗauko sabuwar dahuwar zan zuba a kan abin da ya kwanta, kamar yadda muka saba. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta tsayar da ni. Maganar ta fito da kyar, kalma ɗaya-ɗaya.

"Bar shi, 'yata. Wannan ba na kowa ba ne. Wanke bokitin."

Na ɗora ruwa a wuta.

"Sa sabulu," ta ce.