Lomar da Ta Ƙi Wucewa a Ƙasar Gangara

Ana idar da sallar asuba muka bar Gidan Rumji, ni da abokina wanda ke tuƙa mu, muka miƙi kwalta muka yi gabas. Ban karya ba. Rabin kofin shayi na kurɓa a tsaye, shi ma babu sukari, uwargida tana ta mita wai mutum zai yi doguwar tafiya da ciki wayam. Ta san dalili sarai, mitar ce dai ba ta iya bari. Ƙauyenmu muka nufa, can kudu da Gazawa cikin ƙasar Gangara, kuma abin da zai kai ni bai wuce cin tuwo ba.

Ga yadda abin yake. Ina da wa, Yaya Sale, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya zauna gida yana noma, ni na fita fatauci. Siyasa ce ta shiga tsakaninmu lokacin rigimar tazarce, shi yana wancan gefe ina wannan, har muka daina gaisawa. Sai 'yan kai-komo suka kai masa cewa wai na rantse ko ruwa ba zan ƙara sha a gidansa ba, don ina tsoron ya yi mini sammu. Allah ya sani ban faɗa ba. To yanzu da soja ke riƙon ƙwarya ana shirin komawa zaɓe, Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya ga in aka sake kaɗa gangar siyasa muna haka, shi ke nan an rabu. Ya kira ni a waya ya ce, “Ba wani dogon zance za a yi ba. Ka taho ka sa hannu cikin akushinshi gaban mutane, maganar ga ta mutu.”

Abin da Kawu bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a ƙauyen, shi ne cikina ba irin na da ba ne. Ƙiba ta so ta kashe ni. Na kai inda 'yan kabu-kabu ke kau da kai in sun hango ni, ga ciwon suga, ga gwiwa, salla ma sai a kan kujera. Watannin baya na tafi Tunisiya aka yi mini aiki, aka sa wani zoben roba aka ɗaure saman tumbina, aka bar 'yar jaka da ba ta fi ƙaramin kofin shayi ba, da 'yar ƙofa da abinci ke bi ya sauka sannu a hankali. Tun daga nan cin abinci ya zama aiki. Loma ƙarama, tauna har muƙamuƙi ya gaji, ba a kora abinci da ruwa, lemon kwalba kuwa an yi ban kwana. Burodi da nama mai jijiya da duk abin da ke cuɗewa su ne abokan gaba. Na ce wa dangi gwiwa na je a duba. A daminar da mutanenmu suka sha da ganyen tafasa da anza saboda yunwa, da wane baki zan ce na hau jirgi don a hana ni ci?

Don haka na yi shiri irin na mai azumi: ba zan ci komai a hanya ba, in bar wa tuwon Yaya wuri.

Mun wuce Tibiri gari bai gama wayewa ba, muka ratsa Maradi ba mu tsaya ba. Duk bangon da ka duba hotunan 'yan takara ne, an liƙa wani kan wani, kowa ya sha babbar riga yana murmushi, kuma na lura babu ramamme ko ɗaya a cikinsu. Bayan Cadawa jandarma ya tare mu. Ya karɓi katin shaidata, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton, sannan ya ce, “Alhaji, wannan babban wanka ne?” Abokina ya yi ta dariya har muka yi nisa. Ni ma na yi, don a gaskiya na ji daɗi, rabon da a yi mini kallon mai ƙaramin jiki tun ina ɗan makaranta a lakol.

A Agiye daɗin ya ragu. Mun biya wurin wani abokin cinikina mai sayen aya, buhuna jibge a ƙofar shagonsa. Da ya gan ni sai ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya sassauta murya kamar mai gaisuwar ta'aziyya, yana tambaya ko jinya aka yi, ko kuwa kasuwa ce. A wajenmu rama ba ta da fassara sai biyun nan, ko ciwo ko karaya. Na ce lafiya lau, bai yarda ba. Ya sa aka dama fura da nono mai kyau, na kurɓi kaɗan na ajiye. Fura tana wucewa salin-alin, shi ya sa ma likita ya ce in yi hattara da ita, don mai zobe zai iya mayar da ƙibarsa kaf da ludayi. A kasuwa kuwa sabon gero ya shigo, farashin tiya ya sauko sosai daga inda ya kai da damina, fuskokin mutane sun ɗan saki.

Gazawa ce ta kayar da ni. Mun isa da azahar, muka tsaya bakin tasha shan mai irin na kwalba da ake shigowa da shi daga kudu. Garin nan naira da sefa duk suna tafiya, mai goro ma zai yi maka canji da ka ba tare da ya ɗaga ido ba. Muna tsaye iska ta kwaso mini ƙamshin tsire. Wanda bai taɓa zama mai ci ba ba zai gane ba: an ɗaure ciki, amma ba a ɗaure hanci da ido ba. Tun safe babu komai a cikina sai shayi da kurɓin fura. Na ce a ba ni tsinke guda. Abokina, wanda ya san sirrina, ya ce, “Alhaji, ka tuna abin da ya kawo mu.” Na ce yanka ɗaya tak zan ɗanɗana.

Yanka na farko na tauna shi yadda aka koya mini. Na biyu santi ya ɗebe ni, na haɗiye shi da sauran jijiya. Nan take ya tsaya mini a ƙirji kamar an cusa dutse, yawu ya cika mini baki, gumi ya keto. Na zaga bayan tasha na dafa bango, na daɗe ina fama kafin ya fito. Na san abin da likita ya ce game da irin wannan: in abinci ya maƙale, wurin yakan kumbura, ƙofar ta ƙara tsukewa, sai a koma kan ruwa-ruwa har washegari. Abin da ya kamata shi ne in kira Kawu a wurin in faɗa masa gaskiya, ko in kwana Gazawa in ƙarasa gobe. Sai na wanke fuska na ce wa abokina kafin magariba kumburin ya sace.

Daga Gazawa muka bar kwalta muka yi kudu. Hanyar yashi ce da ramuka, sai kauce wa amalanken shanu muke yi, kowanne ya yi lodin damman gero har yana rangaji. An yi wa rumbuna sabuwar jinka, mata na sussuka a bakin gonaki, wasu Fulani sun sako shanu cikin karan da aka girbe. Ƙasar ta yi kyau irin na bayan wahala. Ni dai hankalina na kan ƙirjina, ina ta gwada kurɓar ruwa, ina jin yadda yake tsayawa kafin ya sauka.

Da la'asar sakaliya muka shiga ƙauye. Aka yi ta gaisuwa, tsofaffi mata suna tafa hannu suna salati saboda ramata. Yaya Sale ya zo daga baya, ya miƙo hannu, ya ce sannu da hanya, idonsa na kan takalmina. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A ƙauyenmu har yanzu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a unguwa yakan fito da tuwon gidansa ƙofar gidan babba, a haɗa a ci tare. Ran nan an cika fiye da kullum, don kowa ya san abin da ake jira. Kawu ya jawo akushin gidan Yaya ya ajiye tsakanina da shi, ya ɗaga faifan. Tuwon sabon gero ne da miyar kuka, an yanka zabo. A shekara irin wannan, na san abin da zabon nan yake nufi a gidan. Kawu ya ce, “To, Bisimilla. 'Ya'yan Hajo, ku ci.” Hajo ita ce mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta.

Na gutsuri 'yar loma kamar ƙwayar dabino na sa a baki ina juyawa. Yaya ya dubi hannuna, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, “Auta, wagga loma ta jinjiri ce? Ko birni ta hana ka cin tuwo?” Mutane suka yi dariya. Rabon da ya kira ni Auta, rabon da ya tsokane ni, har na manta. Wani daɗi ya rufe ni, na ji kamar in yi kuka. Na yanko loma irin ta da, wadda ya san ni da ita, na dulmiya a miya na kai baki na haɗiye.

Ba ta je ko'ina ba. Ta tsaya daidai inda naman ya tsaya, zafin ya ninka na rana. Na yi ƙoƙarin danne shi, ina murmushi yawu na taruwa. Wani ya ga idona ya kawo ruwa ya miƙo mini moɗa, na sha don kunya, ruwan ya hau kan tuwon ya tsaya. Abokina ya buɗe baki zai yi bayani, na harare shi. Daga nan ban iya ba. Na miƙe da sauri na zaga bayan darni, na dawo da lomar nan duka. Darnin kara ne, ana hangen mutum ta cikinsa, kuma babu wanda bai ji ba.

Na wanke baki na dawo. Yaya ya riga ya mayar da faifai kan akushinsa, ya ɗauka da kansa ya shige gida. A idon duk wanda ke zaune, na ɗanɗani tuwon wana, tsoro ya kama ni, na je na amayar da shi tun bai kama ni ba. Da ma ƙin ci na yi tun farko, da abin bai kai haka muni ba. Na ja Kawu gefe na faɗa masa komai. Sai ya ce, “Don mi ba ka hwaɗi ba tun ba a buɗe akushi ba? Da kunu anka dama maka, ka sha gabansu. Kunu ma ai na gidanshi ne.” Wannan dabarar ko sau ɗaya ba ta zo mini ba, saboda duk tunanina ya tafi wajen ɓoyewa.

Washegari da hantsi na sami Yaya a bakin rumbunsa yana jera damma. Na faɗa masa yadda aka yi, tun daga salla kan kujera har tsiren Gazawa. Na ɗaga riga na nuna masa tabon aikin, da ɗan kumburin da ke ƙarƙashin fata inda likita ke sa allura ya tsuke zoben ko ya sassauta. Bai taɓa wurin ba, amma ya duba da kyau. Ya ce, “Ashe ƙoshi ne ya kai ka likita.” Na sauke rigata. Ya ɗaga wani dami ya jefa cikin rumbu, ya ce, “Na yarda ba sammu ka ji tsoro ba. Amma waɗanda sunka gani jiya, gida gida za ka bi kana ɗaga masu riga? Ni ke zaune da su.” Na ce zan tsaya in faɗa a masallaci. Ya girgiza kai, ya ce a bar shi haka, abin kunyar ya isa. Sannan ya ce, “Allah shi kiyaye hanya, Alhaji.”

Hanyar dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai shan mai. Mun wuce mai tsiren nan na Gazawa yana ta fifita wutarsa, na kau da kai. Abokina bai ce mini ai na gaya maka ba, kuma na gode masa da wannan. Muka shiga Gidan Rumji bayan la'asar, uwargida ta dubi fuskata, ta je ta dama mini kunu mai ruwa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga duk wanda aka yi wa irin aikina: ka'idojin likita ba su da wuyar riƙewa a ɗakinka, a gidan mutane ne suke da wuya. A ƙasarmu abinci magana ce, in ka ture shi ka faɗi wani abu ko ba ka yi niyya ba. Ka faɗi halin da kake ciki tun kana bakin ƙofa, ka sha kunyarka a tsaye, kafin a yanka maka abin da ba a da shi. Ban yi nadamar aikin ba, suga ya sauka, goshina yana taɓa ƙasa a salla. Nadamata ita ce an ba ni dama guda, wana ya buɗe mini ƙofa da bakinsa a gaban jama'a, na ɓata ta saboda kwaɗayin yankan nama da jin kunyar gaskiya. Yanzu in na kira shi yana ɗauka. Yakan tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya ce a gai da gida, kuma har yau Alhaji yake ce mini.