Gadon Ƙarfen da Kawu Ya Ƙera Mini

Jiya na hango tartsatsin walda a kasuwar Arlit, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Da ya bar aikin haƙar ma'adinin uraniyum, ya cika garejin gidansa da tsohon inji da ƙarafa masu araha da kamfani ya zubar. Da su ya ƙera mini gadon aure mai furanni.

"Ɗiyata, wannan har jikokinki," ya ce, rigarsa na ƙauri.

Bayan shekaru, masu awon gubar ma'adinai suka zo gidana. Na'urarsu na kusantar gadon ta ɗau kuka.

"Hajiya, nan kuke kwana da yara? Gubar uraniyum ce a jikin ƙarfen nan!" in ji ɗayansu.

Kawu da ya shaƙi ƙurar ƙarafan kullum, tari ya tafi da shi. Allah ya jiƙanka, Kawu, ba ka sani ba. Allah ya raya mini yaran nan.