Mai Sanyi Kawai

Ni mutum ne mai son yin kowane abu kafin lokacinsa ya matso. Aikin kula da sito na yi a ƙaramar hukuma a Gwarzo har na yi ritaya, karatuna kuwa bai yi nisa ba. A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ake bin layin sabulu da madara, na ga yadda wanda bai yi tanadi da wuri ba yake wulaƙanta. Tun daga nan nake gyaran rufi da rani, in ajiye gawayin ɗari tun damina ba ta ɗauke ba. Matata ta san wannan hali nawa fiye da kowa. Ba ta yaba shi, ba ta kuma kushe shi, ta dai zauna da shi.

A shekarar da aka kawo Shari'a Kano ciwon zuciya ya kwantar da ita. Da farko ƙafafunta ne suka kumbura. Daga baya numfashi ya soma yi mata wuya, har ta daina kwanciya sai dai ta jingina da matasai. Muka kai ta asibiti a birni, ni da ƙaninta, wanda yake zaune a Kabo yana sayar da dabbobi, yana kuma da tsohuwar mota a-kori-kura. Ya girma a hannunta, shi ya sa ba ya jin nauyina ko kaɗan. Sitokifa yake kirana, saboda aikin sito da na yi.

Ranar da za a sallame ta likita ya kira mu biyu zuwa baranda. Ya ce, "Baba, mun yi iya abin da za mu iya. Ku kai ta gida. A rage mata gishiri, a nisanta ta da zafi da hayaƙi. Sani na Allah ne, amma ban ga alamar za ta fita daga daminar bana ba."

A wurinmu ba a kai wa mara lafiya irin wannan magana. Muka koma ciki muka ce mata an ce ta samu sauƙin da za ta iya komawa gida. Ta yi hamdala.

Muka dawo Gwarzo a tsakiyar bazara. Ɗakinta rufin kwano ne. Da hantsi ya ɗaga sai ya zama kamar tanda, fanka kuma iskar zafin take juyawa kawai. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin yadda take jan numfashi da ƙyar, 'ya'yanmu mata suna karɓa-karɓa da mafici. A asibiti ba ta sha wannan wahala ba, domin ɗakin da aka sa ta yana da na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi. Na yanke shawarar sai na samo mata ɗaya.

Da na gaya mata, sai ta ce, "Malam, in dai za ka saya, ka samo irin na asibitin nan. Ma'aikaciyar jinyar ta ce min lokacin sanyi ɗumi yake bayarwa. Ka san ni da ɗari. Bana kuma ba zan iya hayaƙin kasko ba."

Gaskiya ne. Tun tana amarya ba ta shiri da sanyi. Da ɗari ya kama, kaskon garwashi ba ya barin ɗakinta. Na ce mata to, zan duba.

Kafin mu tafi kasuwa ni da ƙaninta, na tsaya na duba abin da muke da shi, kamar yadda na saba. Wutar lantarki a unguwarmu in ta zo, da rabin ƙarfi take zuwa, ƙwai ya yi ja kamar garwashi. Ƙaninta ya kawo mana janareta matsakaici daga Kabo. Samun wanda ya fi shi ba ya cikin ikonmu. Na haddace ƙarfinsa, muka kama hanya da safe.

A kasuwar kayan lantarki a birni mun tarar da tsofaffin esi jibge a gaban shaguna. A lokacin an rufe gidajen giya da wasu otal-otal, masu su suna ta sayar da kayansu. Mai shagon da muka tsaya wurinsa dattijo ne mai yawan raha. Ya nuna mana wani ƙarami, irin wanda ake fasa bango a saka, ya buga shi da tafin hannu.

"Wannan daga gidan giya ya fito, Baba, amma ya tuba. Ni shaida ne."

Ƙanin matata ya ce, "An yi masa bulalar dai?"

"An yi masa, har da wankan tsarki."

Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na ce a kunna. Aka kunna, na sa hannu, iska mai sanyi ta fito. Na ce a kashe a sake kunnawa a kan janaretan shagon, wanda ƙarfinsa ɗaya da namu. Ya tashi ba gardama. Sannan na tambaya ko yana ba da ɗumi.

Mai shagon ya dube ni. "Ɗumi? A Kano? Baba, ɗumi kyauta Allah yake ba mu."

Na ce akwai ko babu. Ya ce akwai guda ɗaya, ya kai mu can cikin shago. Babba ne, fari, mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, sak irin na asibiti. Ya ce wani ofis ne ya yi odarsa ya fasa karɓa, ya gaji da ganinsa, zai rage mana sosai. Na ce a gwada shi a kan janaretan. Aka haɗa. Janaretan ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu. Aka sake, haka. Muka zaga sauran shaguna har azahar, duk inda muka tambayi ƙarami mai ɗumi sai a girgiza kai.

Bayan mun yi salla muka zauna a inuwar masallacin kasuwa. Ƙaninta ya ce, "Sitokifa, mu ɗauki babban. Shi ta ce."

Na ce, "Ba zai tashi ba. Ka gani da idonka."

"Wata rana ai wuta za ta zo da ƙarfi."

"Kai da ka tashi a bayan shanu me ka sani game da wutar Gwarzo? Yau take buƙatar sanyin. Ba zan rataya mata abu a bango tana kallo tana haki ba."

Ya shiga wasa da makullin motarsa. Can ya ce, "To mu ɗauki ƙaramin, ka ce mata yana ɗumi. Adda ba ta karanta boko. Wa zai gaya mata? Kafin ɗari..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Tun da na auro ta daga gidanku ban taɓa gaya mata abin da ba shi ba ne."

"A asibiti fa?"

"A asibiti an sallame ta, na ce an sallame ta. Sauran shiru na yi."

"To ka yi shirun nan ma. Ko ni in faɗa, zunubin a kaina. Wallahi, Malam, in ta ji ba ya ɗumi za ta gane. Ta san ka."

Rabon da ya kira ni Malam har na manta. Na duba fuskarsa na ga idanunsa sun kaɗa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, na kuma sani. Babban zai bar mata zatonta na cewa za ta kai ɗari, ya bar ta cikin zafi. Ƙaramin zai ba ta numfashi, amma zai iya ɗauke mata zaton. Na auna su kamar yadda na saba auna komai, na fara da abin da ya fi gaggawa. Muka koma muka ɗauki ƙaramin.

Washegari magini ya fasa bango a ƙarƙashin taga, kafinta ya yi masa akwati, aka toshe kafofin ɗaki, aka sa labule mai kauri a ƙofa. Duk wannan lokaci tana ɗakina. Da la'asar muka mai da ita ɗakinta, aka tada janareta. Na tsaya ina kallon ƙirjinta. Sannu a hankali hakin ya ragu. Ta lumshe ido, ta ce, "Alhamdu lillahi. Kamar an zuba min ruwan randa a ciki."

Ta yi barci a zaune, irin wanda rabonta da shi tun asibiti. Da ta farka ina nan a kan kujera, ƙaninta yana zaune a kan tabarma. Ta daɗe tana kallon na'urar.

"Malam, wannan ai ba irin na asibiti ba ne."

"Ba irinsa ba ne."

"Ina ake murɗawa ya yi ɗumin?"

Ƙaninta ya yi sauri ya ce, "Ga shi nan ta gefe, Adda, in lokacin ya yi ni zan zo in..."

Ta ce, "Kai, rufe min baki. Da Malam nake."

Na ce, "Ba ya ɗumi. Sanyi kawai yake yi."

"Babu mai ɗumin a kasuwa?"

"Akwai. Wutarmu ba za ta ɗauke shi ba." Na yi mata bayani daki-daki, yadda aka gwada, yadda janareta ya mutu, yadda muka zaga. Ta saurara har na gama.

"To na ji. Da ɗari kuma me ka tanada?"

Ban tanadi komai ba. Da wani ne zai ce Allah ya kai mu, a wuce wurin. Ni ban taɓa amsa mata irin wannan tambaya da haka ba. Kullum ina da amsa, ta kuma san ina da ita.

Ta dube ni, ta dubi ƙaninta da ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Mutumin da ke sayen gawayi ana tsakar ruwa." Ta gyara mayafinta a kan gwiwa. "Shi ke nan. Allah ya sa mu cika da imani. Sanyin ya yi daɗi, Malam. Allah ya saka da alheri."

Ƙaninta ya tashi ya fita. Na ji shi a zaure yana share hanci.

Ba ta sake tada maganar ba, ba ta kuma yi kuka a gabana ba. Kwanakin da suka biyo baya ta ɗan murmure. Tana shan kunu, tana barci, muryarta ta dawo. Na soma gaya wa kaina ko likita ya yi kuskure. Ita kuwa wani aiki ta kama. Ta sa 'ya'yanta suka buɗe akwatunanta, ta ware abin kowa. Ta aika aka kira maƙwabta mata ɗaya bayan ɗaya, su shiga su daɗe, su fito suna goge ido.

Ranar da hadarin farko ya haɗu ya watse ba ruwa, ta ce min, "Malam, ina son ka kai ni Kabo."

Na ce Kabo babu wannan sanyi, gidansu ko wayar wuta babu, hanya kuma za ta jijjiga ta. Na ce a ɗauko mata duk wanda take son gani.

"Goggo ba ta iya shiga mota. Ita ta raine ni, ni zan je mata. Yanzu nake da ƙarfin zuwa, kai ka samo min shi. In na jira, zai tafi."

Na ce a bari a yi ruwa, gari ya yi sanyi.

Ta ce, "Kai ka koya min kada a bari sai lokaci ya matso."

Aka shimfiɗa katifa a bayan motar ƙaninta, aka yi mata rumfa da tabarma, muka tafi da sassafe a hankali.

A gidansu aka sa ta a ɗakin ƙasa mai rufin azara, inda aka haife ta. Goggonta, tsohuwa tukuf da ba ta gani sosai, ta rarrafo ta riƙe mata ƙafa tana shafawa, tana kiranta da sunan yarinta. Dangi suka yi ta zuwa daga ƙauyuka. Kowa ya shigo sai ta nemi yafiyarsa, ba a dunƙule ba, sai ta ambaci abin: wannan ta taɓa yi mata tsawa a gidan biki, wancan ba ta je masa gaisuwa da wuri ba. Suna cewa ba komai, tana cewa a'a, a faɗa da baki.

Zafi ya dawo mata da hakin. Da yamma na ce mu koma Gwarzo. Ta ce gobe. Gobe ta yi, ta ce ba ta gama ba. Ina zaune a gefenta da mafici, hannuna ya gaji in sauya.

Da ta sallami kowa sai ta ce a ba mu wuri. Ta ce, "Saura kai, Malam. Ka yafe min."

Na ce ba ta yi min komai ba.

"Ka faɗa dai."

Na ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Ni ma ki yafe min."

"Na yafe. Ka riƙa cin abinci a gidan yaran nan, kada ka ce sai an kawo maka a kan lokaci."

Ruwan farko ya sauka da asuba, mai yawa. Ta ce a ɗaga labule ta ji ƙamshin ƙasa. Da hantsi ta cika, goggonta na riƙe da hannunta, ni ina laƙƙana mata kalmar shahada. Mutanen gari duk sun fita shuka a ranar. Da labari ya kai gonaki suka ajiye sungumi suka dawo, da taɓo a ƙafafunsu suka yi mata salla. A Kabo muka rufe ta, kusa da mahaifiyarta.