Mai Keken da Muke Kira Gimbiya

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mai gyaran waya ne a Yelwa, cikin Mubi, ban daɗe da aure ba. Jikin shagona akwai shagon gem, wato wasan bidiyo, kuma duk lokacin da aiki ya lafa can nake shiga. Wasan da ya kama mu shi ne tseren ƙananan motoci, wanda aka tattaro 'yan wasa daga gem daban-daban aka zuba su a hanya ɗaya: ga biri, ga kada, ga wata gimbiya mai doguwar riga, kowa na jifan kowa don ya wuce. Ni kada nake ɗauka kullum, har sunan ya bi ni.

Akwai wani mai keke napep, ɗan ƙabilar Kamwe, da ya girme ni kaɗan, wanda ke ajiye kekensa da rana ya shigo a yi da shi. Shi gimbiyar yake zaɓa, ya ce motarta ta fi jin kwana. Muka laƙaba masa Gimbiya, yana dariya yana amsawa. Ba addininmu ɗaya ba, ban san gidansa ba, tsokana ce kawai tsakaninmu. In ya cinye ni sai ya ce in koma gyaran waya tunda tuƙi ba gadona ba ne.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, matata na da tsohon ciki. Muka fito da kayan jikinmu, muka bi jama'a ta hanyar Gude muna neman tsallakawa Kamaru. Motoci na wucewa maƙil, ba mai kallon wani. Ba mu yi nisa ba ƙafafunta suka kumbura, ta zauna a bakin hanya ta ce in tafi in bar ta. Ƙarar harbi na bayanmu. Ban taɓa jin na rasa dabara kamar wannan lokacin ba.

Sai wani keke ya wuce mu, ya taka birki, na ji an ƙwala mini kira da Kada. Shi ne. Ya cika keken da buhun masara da katifa da janareto, iya abin da ya kwaso daga ɗakinsa. Ya dubi matata, bai tambaye ni komai ba, ya sauke janareton da buhun ya bar su a nan. Na ce masa kada ya yi asarar kayansa, ya ce in rufe baki in riƙe madam da kyau. Duk ramin da ya kauce wa sai ya waiwayo ya tambaye ni yanzu wa ya iya tuƙi, don dai matata ta daina kuka. Har ta yi murmushi.

Ya kai mu inda hanya ta ƙare a gindin dutse, ya haɗa mu da wasu mata da suka san hanyar ƙafa. Na roƙe shi ya biyo mu, ya ce ƙanwarsa na Mugulbu, sai ya ɗauko ta. Ya juya. A wani ƙauye bayan iyaka matata ta haifi 'yarmu, lafiya lau.

Da muka dawo, shagon gem ya ƙone. Na shiga neman mutumin, a nan na ga wautata: ban san sunansa na gaskiya ba. Ina bin masu keke ina tambayar Gimbiya, suna kallona kamar na zare. Sai daga baya mai shagon gem ɗin ya gaya mini an gan shi a Yola, da ransa, shi da ƙanwar. Na yi sujada a wurin. Har yau ba mu haɗu ba, amma ba na idar da salla ban sa shi a addu'a ba.

Abin da na koya shi ne, mutumin da kuke raha da shi kullum ba ka san matsayin da Allah ya ajiye masa a rayuwarka ba. Ina roƙon masu karatu, wanda kuke zama tare, ko a shago ko a tasha, ku san shi tun ana zaune lafiya, ku san ƙofar gidansa. 'Yata ta shiga makaranta yanzu, kuma tana yawan tambayata yaushe zan kai ta ta gaishe shi.