Ranar da Maccido Ya Kama Kokawa a Gilashi

Maccido ɗan kokawa ne kafin ya zama mai hoto. A Illela aka haife shi, kuma a samartakarsa ba a cika samun wanda ya kai bayansa ƙasa ba, har ranar da gwiwarsa ta goce a Amarawa. Daga nan ya bar fili. Lokacin Nasara ba su daɗe da kama ƙasa ba, sai ya samu aikin dako wurin wani akawu mutumin kudu mai yawo da akwatin hoto. Shekara shida yana ɗaukar akwatin da ƙafafunsa uku, yana kallo, yana tambaya. Da akawun zai koma gida, ya bar masa kayan.

Hoton zamanin na masu haƙuri ne. Sai a fito rana, mutum ya ƙame kamar gungume, Maccido ya shiga ƙarƙashin baƙin zane ya buɗe idon akwatin. Wanda ya motsa sai ya fito kamar hayaƙi.

Wata shekara, a ƙarshen damina, aka haɗa kokawa tsakanin Jaɓɓo, wani makiyayi daga wajen Kalmalo, da Yari, gwanin Birnin Konni. Da safe aka tafka ruwa, fili ya koma taɓo, sai dattawa suka ce a shiga babban ɗakin ajiyar auduga, tunda babu kaya a ciki. Ƙofa ɗaya gare shi, ciki duhu-duhu. Maccido ya sa a ransa sai ya ɗauki wannan karawa.

Matarsa Raliya ta ce, "Maigida, mutum na tsaye ma sai da rana kake kama shi. Mi za ka gani cikin duhun ga?"

"Rana ta fito ai," in ji shi. "Shigo da ita za mu yi."

Raliya ta bi gidajen maƙwabta ta aro madubai da tasoshin tagulla, aka goge su da toka. Mata bakwai suka jeru a bakin ƙofa suna karkata su, har haske ya taru a tsakiyar ɗakin kamar an shimfiɗa farin zane.

A kan gilashi ake ɗaukar hoto a lokacin, kuma uku kawai suka rage masa. Na farko ya tafi a banza, don Yari ya zille. Na biyu ma haka, wani ɗan kallo ya gifta. Makaɗa suka ƙara wuta, mutane na ihu, "Maccido, mi kaka jira?"

Abin da yake jira ɗan kokawa kaɗai ya san shi. Idan ka cicciɓi mutum ka kai shi sama, akwai wani ɗan tsayi kafin ka juya shi, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Maccido ya daina kallon hannuwa, ya zuba wa ƙafar Jaɓɓo ido. Da ya ga ya kafa diddige, ya san an zo wurin. Jaɓɓo ya ɗaga Yari, Maccido ya buɗe idon akwatin ya rufe. Sai ƙarar faɗuwa.

Maccido ya kulle kansa a ɗaki ya wanke gilashin. Hoton ya fito. Ga Yari a sama, ƙafafu a wargaje, ga jijiyar wuyan Jaɓɓo, har layar da ke damtsensa ana gani.

Kwana uku mutane na sintiri a zaurensa. A rana ta huɗu Yari da kansa ya ƙetaro daga Konni, don a can yana ta cewa santsi ne ya kwashe shi. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya yi dariya.

"Ba santsi a sama," in ji shi. "Bafillacen ga ya kada ni. Malam Maccido, wanke mini ɗaya in kai gida."

Maccido ya ƙara shekara ashirin yana sana'ar, sai da idonsa ya yi rauni ya ajiye. Yana yawan cewa ya ɗauki hakimai da attajirai ba adadi, amma duk zama suka yi suka jira shi.