Telan da Ya Rage wa Filafili Tsawo

Yaushe rabonka da ka ɗaga kai ka kalli ƙolin jigon jirgin ruwanka? Na yi wa mutum goma sha bakwai wannan tambaya a tasharmu ta jiragen ruwa a garin Svendborg, biyu kaɗai suka iya tunawa. Aksel Thygesen ba ya cikinsu.

Aksel tela ne, shekara arba'in da ɗaya yana rage wa mutane ƙafar wando. Duk abin da ya gani a duniya, gani yake ya yi tsawo: labule, hutun makaranta, wa'azin fasto. Da ya ajiye aiki sai ya sayi jirgi mai filafili, irin wanda iska ke turawa, ya ɗaure shi a gurbi na talatin da ɗaya. Nawa jirgin yana na talatin da biyu.

Filafilin gaba irin namu naɗe shi ake yi kamar tabarma a jikin wayar da ta riƙe jigo, wato doguwar sandar nan ta tsakiyar jirgi. A can sama akwai ƙarfe mai juyawa da ake ɗaure saman filafili a jikinsa, shi igiyar ɗagawa take ja sama. In ƙarfen ya hau har ƙoli, lafiya lau. In ya tsaya a ƙasa, igiyar ta samu sarari, sai ta bi naɗi ta kanannaɗe wayar tana murɗa ta. Waya ta tsinke, jigo ya faɗi.

Bara Aksel ya ga saman filafilinsa ya fara zarewa. Ya kai shi gida ya sa almakashi. Na auna da kaina, santimita sittin cif ya datse. Ɗinkin kuwa ba a magana.

Na ce, "Baba Aksel, ƙarfen nan ba zai kai sama ba fa. A ƙara masa guntuwar igiya."

Ya ce, "Yarinya, ni za a koya wa tsawo? Tun ana goya ki nake riƙe da magwaji."

Ranar Asabar muka dawo daga yawo, iska ta taso daidai bakin tasha. Kowa ya naɗe nasa. Aksel ya ja igiyar naɗi, filafili ya juya sau uku ya cije. Rabi a naɗe, rabi yana ta fat-fat. A kan gadar tasha mutum ashirin da uku ne zaune da kofin kofi da burodi, ba wanda ya motsa, sai dai gyara zama.

Abin da hannu ya kasa, ba a sa masa ƙarfi. Aksel ya sa. Ya ɗora igiyar a winci, na'urar jan igiya, ya kama murɗawa. Ina cikin jirgina a bayan nasa ina lissafi: ɗaya, biyu, har bakwai, waya tana ƙara.

Matarsa Bodil ta ɗauki madubin kallon tsuntsayenta ta duba sama.

"Aksel, igiya ta shaƙe waya! Tsaya!"

"Ke dai riƙe sitiyari. Sabon ɗinki ne, sai ya saki jiki."

"Sabon ɗinkin gidanku! Jigon nan a kaina zai sauka, ba a kanka ba."

Ya sake murɗa ɗaya. Bodil ta fizge hannun wincin, ta zauna a kai. Matar nan ba ƙarama ba ce.

"Tashi!"

"Zo ka rage min tsawo in ka isa."

Gada ta kwashe da dariya. Na yi musu ihu su warware naɗin, su sauke filafilin da hannu. Suka shigo da shi jiƙe sharkaf.

Washegari aka ja ni sama a kujerar igiya. Zare goma sha tara ne a wayar, shida sun tsinke, sauran sun buɗe kamar tsintsiya. Jigo ya tsira da ƙyar, aka sa sabuwar waya.

Yanzu akwai guntuwar igiya ta santimita sittin tsakanin filafilinsa da ƙarfen, shi ya ɗinka ta da hannunsa. Kada ka kuskura ka kira ta ƙari. Cewa yake wuya ya yi wa rigar, kuma tun farko haka ya tsara. Hannun wincin yana cikin jakar Bodil.

Gobe, kafin ka kwance jirgi, ari madubin hangen nesa. Sa wani ya naɗe filafili a hankali, kai kuma ka zuba wa ƙoli ido. Minti huɗu ne, na auna. Gwada ka gani.